Yadda za ka raya inuwar tsakar gidanka ba tare da ka sare bishiya ba

Jama'a akwai wata magana da nake yawan ji a garin nan kuma gaskiya tana ɓata min rai, wai ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya ba abin da zai fito, dan haka sai a kira mai inji a kayar da bishiyar da ta shekara talatin tana ba gida inuwa dan kawai ana son a shuka ciyawa da fulawa, sai watan Maris ya kama zafi ya sauko a fara da-na-sani. Mu a gidanmu a Unguwar Dosa a nan Kaduna akwai mangwaron da Baba ya dasa tun muna yara, shekaru da yawa ƙarƙashinsa jar ƙasa ce tsirara sai ganye da ake sharewa kullum, yanzu kuma nan ne inda kowa ke son ya shimfiɗa tabarma bayan la'asar, kuma ko reshe babba ɗaya ba mu rasa ba.

Kafin ka kashe ko naira ɗaya, ka fara sanin wace irin inuwa ce da kai. Ka ware rana ɗaya da kake gida, ka leƙa wurin da hantsi, da azahar, da la'asar, in da hali ka ɗauki hoto da waya kowane lokaci. In rana tana taɓa wurin awa uku zuwa shida, wannan rabin inuwa ce, abubuwa da yawa za su yi. In ba ta kai awa uku ba to inuwa ce sosai, sai ka taƙaita zaɓi. Kuma ranar safe daban ta yamma daban, shukar da ke jin daɗin ranar hantsi tana iya ƙonewa a ranar ƙarfe uku.

Ga wani abu da shafukan Turawa ba za su gaya maka ba tunda su lissafinsu na Ingila da Amurka ne, can gefen arewa na gini kusan kullum inuwa ne. Mu Kaduna muna wajen digiri 10 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta tsakar kanmu sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan lokutan tana ɗan karkata arewa ne, sauran shekarar kuma tana kudu. Katanga mai tsawon mita 3, a Disamba da tsakar rana inuwarta tana kai kusan mita 2 ta ɓangaren arewa, amma a Yuni inuwar ta koma kudu kuma ko mita ɗaya ba ta cika ba. Dan haka lungun da ka gani da sanyi da hunturu ka jera masa shuke-shuke masu laushi, da bazara rana na iya dirar musu. Shi ya sa ni nake cewa shekarar farko ka yi komai a tukunya, in wuri bai karɓe ta ba ka ɗaga ka canza.

To sai ƙarƙashin bishiya, nan ne ainihin aikin. Mutane suna ɗauka duhu ne kawai ke kashe shuka a wurin, alhali ƙishirwa ta fi. Ganyen mangwaro ya yi kauri yana tare ruwan sama kamar lema, ƙananan saiwoyinsa kuma suna nan sama-sama a ƙasa suna zuƙe duk ɗan danshin da ya samu shiga, kai kuma ka kawo ƴar fulawa ka ce ta yi kokawa da wannan ƙato. Dan Allah kada ka sa diga ka sassare saiwoyin, kuma kada ka kawo tifar ƙasa ka binne gindin bishiyar, duka biyun suna iya kashe ta a hankali ba ka sani ba. Abin da muka yi shi ne mun bar kamar taku biyu daga gindin ba mu taɓa ba, daga nan muka jera tukwane da tsofaffin bokitan fenti da muka huda ƙasansu, kowanne mun ɗora shi kan bulo dan kada saiwar bishiya ta shiga ta ramin kuma gara ta samu wahalar hawa. Inda muke son shuka a ƙasa kai tsaye, sai mu nemi tsakanin manyan saiwoyi mu haƙa ɗan rami da ƙaramar fartanya, mu sa dashe ƙarami, ƙarami ya fi saurin kamawa fiye da babba.

Ƙasar tukunya kuwa, jar ƙasarmu ita kaɗai ba ta yi, da damina ta caɓe da rani ta daskare kamar siminti. Ni ina haɗa baƙar ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, yashi ko ɓuntun shinkafa kashi ɗaya. Takin ya zama kashin shanu ne ko na awaki da ya riga ya ruɓe ya huce, ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa.

Yanzu me za a shuka? Na farko a wurina ita ce moda, wannan mai dogayen ganye a tsaye kamar takobi. Asalinta ma ƴar Afirka ta Yamma ce ba baƙuwa ba, tana jure duhu, tana jure ƙura, ka manta da ita sati biyu ba ruwa ba abin da zai same ta, yawan ruwa ne kawai ke ruɓar da ita. Ka jera ta a jikin katanga ta zama bango. A gabanta ka sa masu launi, kamar kaladiyom mai ganye kamar na gwaza da ja da fari a jiki, sai dai ka sani da hunturu ganyenta yana bushewa kaf, kada ka zubar da tukunyar ka ce ta mutu, ƙwayarta na nan a ƙasa tana barci, ruwan farko zai tashe ta. Akwai kuma mai yaɗon nan da masu fulawa ke kira moni filant, ka yanko reshe ka tsoma a kwalbar ruwa sati biyu zuwa uku ta yi saiwa, ka ba ta igiya ko waya ta hau katanga ko ka rataye ta ta zubo. In ka je wurin masu sayar da fulawa na bakin titi kada ka tsaya ga waɗanda suka baje a rana, ka wuce can ciki ka duba abin da suka ɓoye a ƙarƙashin bishiya ko rumfa, waɗannan su ne naka. A inuwa da ganye ake ado, masu fure kamar bogenbiliya rana suke so, in ka sa su a duhu sai dai su yi ta tsawo ba fure.

Gargaɗi ga masu ƙananan yara, kuma wannan da gaske nake. Kaladiyom da moni filant da wata mai faɗin ganye da ɗigon fari da ake kira difenbakiya, duk ruwansu yana ƙona baki yana kumbura harshe da maƙogwaro in yaro ya tauna. In akwai mai rarrafe a gida, ko dai a rataye su sama ko a haƙura da su sai ya yi wayo.

Abin da ya fi faranta min rai kuwa shi ne na ci. Mu da citta take a jiharmu, Kachia da Jaba da Kagarko kowa ya san su da ita, amma ba kowa ya san tana yi a rabin inuwa ba. Ka samu ɗanyar citta mai ido lafiyayya, ka duba da kyau kada ta zama mai laushi ko baƙi a ciki tunda cutar da ta faɗa wa gonakin kudancin Kaduna a 2023 ta yi ɓarna sosai, ka karya ta gunduwa-gunduwa ka bari bakin ya bushe kwana ɗaya ko biyu, ka binne kamar zurfin yatsa a buhu ko babban bokiti farkon damina, wata takwas zuwa tara in ganye ya bushe ka zazzage. Kurkum ma haka ake masa. Gwaza kuma ga ado ga abinci, ganyensa kaɗai ya isa ya cika lungu in akwai danshi. Na'a-na'a tana son kusa da famfo inda ranar safe ke taɓawa, amma a tukunya, in ka sake ta a ƙasa za ta mamaye ko'ina. Tumatir da tattasai da kuɓewa kada ma ka wahalar da kanka.

Ciyawa kuwa ni shawarata a haƙura. Ƙiri-ƙiri rana take so, a inuwa sai ta yi sanƙo. Ka zuba tsakuwa ko ka jera falalen duwatsu inda ake takawa, ka yi dakali ko ka ajiye benci, randa a gefe. In za ka sa intalok, wato ƙananan bulon nan da ake shimfiɗawa a tsakar gida, kada ka kai shi har gindin bishiya, ka bar mata inda za ta sha ruwa. Katangar kuma ka shafa mata farin fenti ko farar ƙasa, za ka yi mamakin yadda haske ke ƙaruwa a lungun. Bishiyar ma ana iya rage mata ƙananan rassan ƙasa da na ciki da suka cushe dan haske ya riƙa ɗigowa, mangwaro a bari sai an gama cin ƴaƴansa.

Ban ruwa shi ne inda aka fi yin kuskure. A inuwa ƙasa ba ta saurin bushewa, ka tura yatsa ciki, in da danshi ka bari sai gobe. Lokacin marka a Agusta ka cire duk wani faranti da ke ƙarƙashin tukunya, ka kife gwangwanaye da tsofaffin tayoyi, ruwan da ya kwana sati ɗaya ya isa sauro ya ƙyanƙyashe, ba ma son a gyara gida a jawo maleriya. Ka kula da indararo, kada ka ajiye tukunya daidai inda yake zuba. Gansakuka in ta fara a kan dutse ko siminti a goge ta da buroshi saboda santsi, musamman gidan da akwai tsofaffi. Masu tsoron maciji kuma, a bar tazara tsakanin tukwane yadda ido zai ga ƙasa, kada a tara itace ko bulo a lungun.

Da hunturu kuma ƙura ce matsalar, tana kwanciya a kan ganye ta tare ɗan hasken da dama bai da yawa. Duk sati ka yayyafa musu ruwa a ka da safe, masu faɗin ganye ka goge su da jiƙaƙƙen tsumma. Busasshen ganyen da ake sharewa kada a ƙone shi, a baza shi a kan ƙasa tsakanin shuke-shuken ya riƙe danshi, amma a ja shi baya kaɗan daga jikin kara da kuma katako saboda gara. In yanzu za ka fara, ka tanadi tukwane da ƙasa tun cikin Afrilu, ka jira ruwa ya zauna a Mayu ko farkon Yuni sannan ka yi dashe, da yamma in rana ta yi sanyi.