Yadda Za Ku Karɓi Shaidar Kwastoma

'Yan'uwa masu saye da sayarwa a WhatsApp, ku nemi shaidar kwastoma, wato abin da zai faɗa game da kayanku don ku nuna wa wasu, kwana 2 ko 3 bayan kaya sun isa hannunsa, tun yana ɗokinsu. Kada ku ce "ya kayan?", domin "Masha Allah" kawai za a amsa muku, wannan kuwa ba ya jawo ciniki. Ku tambaye shi: me ya sa ka saya, wane bambanci ka gani?

Saƙon murya na daƙiƙa 30 ya fi hoton hira gamsarwa, tunda kowa ya san ana ƙirƙirar hoton. Amma sai da izini! Ku goge lambar waya kafin ku ɗora. Matan aure da yawa ba sa son a yaɗa muryarsu, don haka ku rubuta maganarsu da sunan gari kawai.