Kafin ka ɗaura kwamfutar GPS a ƙahon kekenka

Duk asubar Asabar nakan fito da keke daga Obalende a Legas, in haye gadar da ta haɗa Ikoyi da Lekki, in dawo kafin motoci su cika hanya. 'Yan'uwa kan tambaye ni wace kwamfutar GPS za su saya, wato 'yar na'urar da ke nuna wa mai keke hanya da gudu da nisan tafiya.

Fara da maganar ruwa. Ruwan Legas ba ya sallama, ya taɓa kashe mini waya a ƙahon keke. Nemi mai alamar IPX7, wato tana jure nutsewa a zurfin mita 1 har minti 30. Zaɓi mai maɓallai, domin allon taɓawa gardama yake yi da yatsa mai gumi.

GPS ba ya cin data, daga tauraron ɗan'adam yake karɓar saƙo. Sai dai a ƙarƙashin gada ko tsakanin dogayen benayen unguwar Marina yakan rikice, ka ga lissafin gudunka yana tsalle. Maganinsa 'yar na'urar auna gudu da ake ɗaurawa a cibiyar ƙafar keke. Shi ya sa nake nacewa kan mai ANT+ (hanyar haɗa na'urorin motsa jiki ba tare da igiya ba) da Bluetooth duka biyu: da su take jin wannan na'urar da bel ɗin ƙirji mai ƙirga bugun zuciya.

In ta kamfanin Garmin ce, sauke manhajar Garmin Connect a wayarka, kunna Bluetooth, haɗa su, sannan ka jona Strava, manhajar da ke ajiye tarihin tafiye-tafiyenka. Taswira kuwa, sabunta ta tun a gida.

Kada ka ƙara ko sisi don ma'aunin hawan tudu, Legas shimfiɗe take. Zuba kuɗin a batir mai daɗewa, ka yi caji tun daren Juma'a in an kawo wuta.