Yadda Iyali Za Su Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Ɗansu da Ke Jami'a

Shekarun da matashi yake yi a jami'a sun zo daidai da lokacin da cututtukan ƙwaƙwalwa da yawa suke fara bayyana. Bincike ya nuna cewa kusan rabin waɗannan cututtuka suna somawa ne zuwa shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin mutum ya cika 25. A daidai wannan lokaci ne kuma yaro yake barin gidan da ake ganin fuskarsa kullum, ya koma inda zai iya kwana uku a ɗaki ba tare da kowa ya tambayi lafiyarsa ba. Babban aikin da ke kan iyali shi ne su sa ya tabbata a ransa cewa duk ranar da abu ya yi masa nauyi, zai iya faɗa a gida ba tare da fargabar abin da zai biyo baya ba.

Wannan yana farawa ne daga yadda ake hira da shi. Iyaye da yawa, cikin kyakkyawar niyya, ba su da tambayar da ta wuce ta jarrabawa da sakamako, har yaron ya fahimci cewa labari mai daɗi kawai ake jira daga gare shi. Daga nan sai ya koyi cewa “lafiya lau” ko da kuwa ya faɗi darasi biyu, barci kuma ya ƙaurace masa. Ku tsayar da lokacin kira wanda kuka amince da shi tare, domin kiran da ya yi yawa yakan zama masa tamkar sa ido. Idan an gaisa, ku tambaye shi yadda yake barci, da waɗanda yake zama da su, da abin da ya fi ba shi wahala a wannan zango. Idan ya fara magana, ku bar shi ya kai aya kafin ku kawo shawara. A ganina, kalmar da ta fi kowace rufe bakin ɗalibi ita ce tunatar da shi irin wahalar da ake sha wajen biya masa kuɗin makaranta, domin ya riga ya san da haka, kuma sau da yawa nauyin wannan sanin ne yake hana shi faɗin cewa ya gaza. Ya fi amfani uwa ta ce: “Ɗana, na ji muryarka ta canja a 'yan kwanakin nan. Me ke damunka? Ba faɗa zan yi maka ba.”

Ba kowace damuwa ce ciwo ba. Kewar gida a makonnin farko da zullumin jarrabawa abubuwa ne da sukan wuce. Abin lura shi ne canjin da ya daɗe, ya kuma taɓa rayuwar yau da kullum: baƙin ciki ko rashin sha'awar komai da ya kai mako biyu ko fiye, barci mai yawa ko rashinsa, rama, daina shiga aji, guje wa abokai, yawan fushi, ko fara shaye-shaye. Idan kuma ya soma cewa yana jin muryoyi, ko ana bibiyarsa, ko ya yi kwanaki ba ya barci amma yana ta zuba magana da ƙarfin da ba a saba gani ba, to, a gaggauta kai shi wurin likita. Murya a waya takan ɓoye abubuwa da yawa, saboda haka idan zuciyarku ba ta kwanta ba, wani ya tashi ya je ya gan shi, gani ya kori ji.

Akwai tambayar da iyaye suke tsoro, amma tilas ne a yi ta idan yaro ya fara cewa rayuwa ba ta da amfani ko ya zama kaya a wuyan mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kisan kai cikin manyan abubuwan da ke hallaka matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Ku tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin kashe kansa. Masana sun tabbatar da cewa tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda yake da shi kuwa takan ba shi damar sauke abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a nisanta shi daga magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kuma kai shi sashen gaggawa na asibiti a ranar.

Tun kafin buƙata ta taso, yana da kyau ku san ko jami'ar tana da asibiti ko sashen ba ɗalibai shawara, ku kuma riƙe lambar wayar wani abokinsa na kusa, amma da sanin ɗanku. A ƙasashe da yawa, wanda ya cika shekara 18 baligi ne a idon doka, don haka likita ba zai bayyana muku sirrinsa ba sai da izininsa. Kada wannan ya ɓata muku rai. Kuna iya sanar da likitan abin da kuka lura da shi ko da shi ba zai gaya muku komai ba.

Idan an ɗora shi a kan maganin ciwon damuwa, ku sani cewa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma dakatar da shi farat ɗaya ba tare da shawarar likita ba yana iya dawo da ciwon. Kada a kira halin da yake ciki ragwanci ko raunin imani, kada kuma a yaɗa labarin cikin dangi ba da yardarsa ba. Idan likita ya ga ya dace ya rage darussa ko ya jingine karatu na zango ɗaya, ku taimaka masa ya nemi izini a rubuce daga hukumar makaranta, domin gurbinsa ya kasance yana nan har ya samu sauƙi ya koma.