Kafin ka ɗora wa na'urar NMR laifi

Ɗalibi kan shigo ofis da takarda a hannu ya ce, "Malam, na'ura ta ba ni shirme." Yana nufin NMR, na'urar da ke amfani da maganaɗisu wajen gano tsarin sinadari. Sau tari tun wurin haɗa samfur aikin ya lalace. Ga yadda nake yin nawa.

Busar da sinadarinka har sai ka tabbata ya bushe. Idan da ruwan narkarwa na etil asitet ka tace shi, kamar yadda masu aikin ganye da saiwa suka saba, to ka sani yana da naci. A cikin CDCl3, wato ruwan kulorofom mai diyuteriyom (haidirojin mai nauyi), yakan fito wuri uku a jikin sakamakon, a ma'aunin ppm: tsini huɗu a 4.12, ɗaya tilo a 2.05, uku a 1.26. Wata ɗalibata ta shafe mako tana neman gurbin waɗannan a jikin abin da ta ciro daga ɓawon maɗaci, ashe ragowar ruwan tacewa ne. Abin ya dame ni, shi ya sa yanzu da su nake fara koyarwa.

Miligiram 5 zuwa 10 ya isa gwajin haidirojin. Na kabon-13 kuwa sai ka ninka sau uku ko fiye, domin kashi 1.1 cikin ɗari ne kacal na kabon. Narkar da shi a mililita 0.6 na CDCl3. Idan ya ƙi narkewa, koma DMSO-d6, wani ruwan narkarwa mai diyuteriyom. Ana amfani da masu diyuteriyom ne don kada haidirojin ɗin ruwan ya danne na samfurin, kuma da siginar diyuteriyom na'ura ke riƙe saitinta.

Kada ka yarda da gurɓataccen ruwa. Cusa 'yar auduga a fifet, wato siririn bututun ɗibar ruwa, ka tace cikin bututu mai faɗin milimita 5, ruwan ya kai tsayin santimita 4 zuwa 5. Ɗan gari kaɗan sai ya sa tsinin ya baje, rabuwarsa ta ɓace.

A ƙofa ka ajiye makulli, waya da katin banki. Na'ura mai megahaz 400 maganaɗisunta tesla 9.4 ne, kuma ba a kashe shi dare da rana. Mai na'urar bugun zuciya kada ya matso.

Sakamako ya fito? Fara soke abin da ba naka ba. In a CDCl3 ne: 7.26 na ruwan narkarwa, 1.56 na danshi, 2.17 na asiton da aka wanke bututu da shi. Sannan ka duba yankuna: aldihaid tsakanin 9 da 10, zoben benzin wajen 6.5 zuwa 8. Faɗin da ke ƙarƙashin sigina shi ke faɗa maka yawan haidirojin, rabuwarta kuma yawan haidirojin maƙwabta: biyu su ba da tsini uku, uku su ba da huɗu.

Idan wata sigina mai faɗi ta tsaya maka a rai, ɗiga D2O, wato ruwa mai diyuteriyom, ka girgiza, ka sake gwadawa. In ta ɓace, OH ce ko NH, wato haidirojin da ke manne da oksijin ko naitirojin.