Kurakuran da sababbin masu ƙirga shaho da shirwa suke maimaitawa kowace kaka

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, tsuntsaye masu farauta da suka yi ƙwai a Turai da yammacin Asiya sukan ƙetare Sahara su sauko fadamun Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi, wasu su zauna har bazara, wasu su zarce dazukan kudu. A daidai wannan lokaci ne matasa masu sha'awar kallon tsuntsaye suke fitowa da madubin hangen nesa da littafin rubutu, kuma kuskuren da 'yan bara suka yi shi ne 'yan bana suke yi, har na gaji da gyara shi baki da baki.

Tushen matsalar shi ne dogon buri. Yaro ya ga hotunan Batumi da ke ƙasar Jojiya, inda aka fara ƙidaya a 2008 kuma akan ƙirga fiye da tsuntsaye miliyan 1 a kaka guda, ko na Berakurus a Meziko inda adadin ya haura miliyan 4, sai ya zo fadama yana jiran sama ta yi baƙi. Abin da ya sa waɗannan wurare suke cika shi ne manyan tsuntsaye ba sa son ƙetare teku, domin iska mai zafin da take ɗaga su ba ta tashi daga kan ruwa, saboda haka teku da duwatsu sukan matse su a hanya ɗaya siririya. Mu ba mu da irin wannan mashiga. Suna shigo mana a warwatse, kuma wanda ya ga shaho matafiya goma a yini ya yi kyakkyawan aiki. Wanda bai san haka ba shi ne yake cike giɓin burinsa da alƙalami.

Kuskuren da ya fi ɓata min rai shi ne ƙirga tsuntsaye suna cikin kewaya. Idan rana ta ɗaga, ƙasa ta ɗauki zafi, sai su taru a cikin iskar da ke hawa, suna zagaye suna yin sama ba tare da kaɗa fiffike ba, na ƙasa ya koma sama, na dama ya ɓullo ta hagu. Duk wanda ya ce zai ƙirga su a wannan hali, to tsuntsu ɗaya zai shiga lissafinsa sau uku ko huɗu. Wata kaka mun raba wuraren tsayawa a bakin wata fadama, aka haɗa ni da wani matashi mai ƙwazo da kaifin ido. Da yamma ya kawo min shirwa fiye da 300, alhali garken da na gani da idona bai kai 60 ba. Na ce masa, "Ƙanena, a ina suka bi?" Ya ce, "Wallahi Malam, suna nan suna ta juyawa, ni kuma ina ta rubutawa." Abin takaicin shi ne tun farkon aikin ana zuba lissafin kowa a takarda ɗaya ba tare da sunan mai gani ba, don haka ba yadda za a tsame nasa daga na sauran, dole muka yi watsi da ƙidayar wurin ta wannan shekara gaba ɗaya, da kuɗin mai, da zafin ranar da muka sha.

Ku ji da kyau, ku masu gaggawa. Tsuntsu ba ya dawwama a cikin zagayen. Da ya kai ƙololuwar iskar zai miƙe fikafikai ya zame zuwa kudu, sauran su biyo shi a jere, kuma a nan ne kaɗai ake ƙirga, kamar yadda makiyayi yake jiran tumaki a bakin ƙofar shinge. Ni al'adata ita ce in zaɓi wata doguwar bishiya, giginya ko kuka, in ɗauka akwai layi daga kanta zuwa sama, sai tsuntsu ya ƙetare layin ya ɓace sannan in sa masa alama. Idan sun yi yawa nakan ƙirga goma daidai, in riƙe girman wannan goman a idona, in riƙa auna sauran da shi. Na kuma daina yarda mutum biyu su rubuta a shafi ɗaya. Akwai masu amfani da ɗan ƙarfen ƙirga da ake dannawa da yatsa, ban hana kowa ba, amma ni na fi amincewa da fensir.

Daga nan sai batun shirwa, wadda take ruɗar mutane saboda sun ɗauka sun san ta. Shirwar da take yini a kan kwata da bola tana jiran hanji ba matafiyiya ba ce a wannan rana, kuma wadda ta wuce ka da safe ita ce za ta dawo da azahar. Akwai kuma shirwarmu ta Afirka da take bin damina zuwa arewa ta koma kudu idan kaka ta yi, sannan ga ta Turai. Babbar ta Afirka bakinta rawaya ne gaba ɗaya, ta Turai kuwa baƙi ne sai ɗan rawaya a gindinsa. To, sai dai ƙaramar ta Afirka da ba ta gama girma ba ita ma bakinta baƙi ne, kuma a nan ne da yawa suke faɗawa rami su rubuta baƙuwa daga Turai.

Wani kuskure mai tsada shi ne kwaɗayin ganin abin da ba a saba gani ba. Mutum ya kwana yana duba hoton tsuntsun da ba kasafai yake zuwa ba, gari ya waye idonsa ya ƙera masa shi. Dubi shahon ciyawa masu tashi ƙasa-ƙasa da fikafikai a ɗage, suna neman fara da ɓeraye. Namijin wanda masana suke kira Circus pygargus ruwan toka ne mai baƙin layi a tsakiyar fiffike, namijin Circus macrourus kuwa ya fi haske, ba shi da layin, sai ɗan siririn baƙi a ƙarshen fiffike. Wannan mai sauƙi ne. Amma matansu da ƙanana duk ruwan ƙasa ne masu farin tabo a gindin wutsiya, kuma ko gwanaye sukan bar su ba suna idan sun yi nisa. Kai da ka fara jiya, wa ya ba ka ikon yanke hukunci a kan ɗigo ɗaya a cikin hazo? Rubuta cewa ɗaya ne daga cikin biyun, ba a tantance ba. Wannan cikakkiyar amsa ce, kuma masu tace bayanai sun fi girmama ta a kan suna mai daɗi da ba shi da hujja.

Launi shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa, musamman idan ƙurar hunturu ta fara sauka ko tsuntsu yana tsakanina da rana. Siffa nake farawa da ita. Shahon da yake tona gidan rina ya ci 'ya'yanta, wanda yake ratsa mu zuwa dazukan kudu, kusan kowane ɗaya da irin launinsa, daga fari zuwa baƙi-baƙi, amma ƙaramin kansa mai miƙewa gaba, da doguwar wutsiya, da yadda yake shimfiɗa fikafikai a kwance idan yana shawagi, ba sa canzawa. Nakan zana abin da na gani kafin in buɗe littafi ko waya, domin da zarar ka ga hoto ƙwaƙwalwarka za ta gyara tsuntsun ya dace da shi. Manhajar da take ba da suna daga hoto shawara take bayarwa, ba shaida ba ce.

Sauran ƙanana ne. Kada ka zo da asuba ka tafi da hantsi, domin masu shawagi sai wajen ƙarfe goma suke tashi. Madubi mai ƙara girman abu sau 8 ya ishe ka, mai 20 rawa zai yi a hannunka. Rubuta sa'ar farawa da ta tashi da inda iska take kaɗawa, kuma ranar da ba ka ga komai ba ka rubuta sifiri, domin ƙidayar Hawk Mountain a Amurka da aka fara a 1934 darajarta ta fito ne daga komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara, ana rubuta yawa da rashi.

Kada ka raina ungulu. Tun 2015 aka sanya wadda muka saba gani a kasuwanninmu cikin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa, saboda haka ka ƙirga ta, amma kada ka wallafa inda sheƙarta take, domin masu farautarta su sayar da sassanta su ma suna da waya. Sannan kafin ka tsaya a gefen gonar mutane kana hange da madubi, ka fara zuwa wurin mai unguwa ka gaishe shi, ka bayyana abin da ya kawo ka, ka miƙa masa madubin ya duba da kansa, idan da hali ka nemi ya haɗa ka da wani ɗan gari da ya san inda shahon ciyawa suke sauka su kwana a ƙasa da magariba.