Kafin ka sayi DAC da amfilifaya don laftof, duba hedfon ɗinka tukuna

Aikina tace sauti ne a laftof, karatuttuka da hirarrakin da ake ɗorawa a intanet, don haka hedfon ba ya barin kunnena. Duk wanda ya ce in zaɓar masa na'urar da za ta gyara sautin kwamfutarsa, tambayar da nake fara yi masa ita ce: om nawa ne hedfon ɗinka?

Na'urori biyu ake magana a kai. DAC ke juya lambobin da ke cikin fayil su koma sauti, amfilifaya kuma ta ba sautin ƙarfin da zai motsa hedfon. Kowace laftof tana da su a ciki, sai dai a cunkushe suke da sauran kayan wuta, shi ya sa a wasu kake jin "sssss" a ƙasa ƙasa ko da ba ka kunna komai ba.

Om, wato ma'aunin yadda hedfon ke turje wa wutar da ke shigarsa, yana rubuce a jikin kwalinsa da alamar Ω. Audio-Technica ATH-M50x 38 ne, Sony MDR-7506 kuma 63. Irin waɗannan ba su da cin wuta. 'Yar gajeriyar wayar Apple mai kan USB-C da ramin 3.5mm, wadda ake sayarwa dala 9 a Amurka, ta ishe su, kuma tana aiki a Windows. Da DAC da amfilifaya duk suna cikin kanta. Ka dai sani cewa wadda aka yi wa kasuwar Turai rabin ƙarfin ta Amurka take bayarwa.

Inda kuɗi ke fara shiga shi ne hedfon mai om da yawa. Sennheiser HD 600 300 ne. Beyerdynamic DT 770 Pro kuwa ana yin sa da 32 da 80 da 250, ka karanta da kyau kafin ka biya. Mai 250 a ramin laftof zai yi magana, amma ka ƙure ƙara sauti ya fito ba nauyi. Nan kana bukatar abin da zai ba da bolt 2 ko fiye, kamar waɗannan na'urori biyu da suka haɗa DAC da amfilifaya. FiiO E10K, wajen dala 75, tana da maɓallin murɗawa da na ƙarin ƙarfi. Topping DX1, wajen dala 100, ita na fi so, don tana da babban rami na 6.35mm da ƙarami. Mai MacBook Pro ta 2021 zuwa sama ya riƙe kuɗinsa, raminta na kaiwa bolt 3 ga irin wannan hedfon.

Ka lura E10K da DX1 duka daga USB suke shan wuta, kuma da gangan na zaɓo su. An ɗauke wuta, batirin laftof na riƙe da su, aiki bai tsaya ba. Schiit Magni da JDS Labs Atom suna da kyau ƙwarai, amma galibi amfilifaya ce zalla, sai ka haɗa da DAC daban, kuma da tiransifomarsu suke zuwa. In daga Amurka aka aiko maka, ta bolt 120 ce, tamu kuwa 230, jonawa ɗaya za ta ƙone.

Kada lambobin 384kHz da ke kan kwalin DAC su ruɗe ka. Faifan CD 16-bit ne da 44.1kHz, kuma ya wadatar da kunne.

Makirufo fa? E10K da DX1 ba sa ɗaukar murya, saurare kawai. Mai yawan taro a Zoom da hedfon mai makirufo, ta Apple ɗin ce ke masa aikin biyu.

Ranar saye ka tafi da laftof ɗinka da hedfon ɗinka. Jabu sun yi yawa, kuma akwai 'yan wayoyin USB-C masu arha da babu DAC a cikinsu, don wasu wayoyin hannu aka yi su, laftof ba za ta ma san an jona komai ba. Ta gaskiya sunanta zai fito a jerin na'urorin sauti, kuma Windows 10 tun 2017 tana gane galibinsu ba sai ka sauke komai ba. Tsayar da abin da ke kunne, ka murɗa ƙara sama, ka saurara ko akwai "sssss". Sannan ka kunna a ƙasa sosai ka ji ko kunnen dama da na hagu sun zo daidai. A ƙarshe ka jona caja. In ƙugi ya taso, ka cire ya ɓace, to daga caja ne ko soket, sai ka gwada da wata cajar kafin ka ɗora wa DAC laifi.