Yadda zaka yi askin andakot kuma ka riƙe shi kar ya lalace

Kafin ka zauna a kujerar mai aski ka fara sanin me ake nufi da andakot, don yawancin ɓacin ran da ake samu bayan an kaɗe maka ƙyalle daga nan yake farawa, kai da abinda ke ranka shi kuma da abinda hannunsa ya saba. Andakot shine a kwashe gefe biyu da ƙeya su zama gajeru tsayi ɗaya, a bar sumar sama da tsawonta, kuma tsakaninsu akwai layi ɓaro-ɓaro da ido ke gani. Shi kuwa fed a hankali ake binsa daga ƙasa zuwa sama har gajeren ya saje da dogon baka ga inda suka haɗu ba. Masu aski da yawa sun fi sabawa da fed, in kayi shiru kafin ka ankara sun shafe maka layin. Askin ba sabo bane fa, tun wajen 1910 har zuwa 1940 samarin Turai ke yinsa, sai kuma ya dawo da ƙarfinsa bayan 2010 da ƴan ƙwallo suka ɗauke shi.

Sai ka tara suma tukunna. Gashi wajen santimita 1 yake ƙaruwa a wata, kaɗan sama da haka ga wasu, kuma in naka mai murɗewa ne zaka ga kamar ma bai kai hakan ba saboda nannaɗewa yake yi. Kana buƙatar aƙalla santimita 4 zuwa 5 a sama kafin bambancin ya fito, wato in yanzu ka sauke sumarka ƙasa sai kayi haƙurin wata huɗu zuwa biyar. A tsakanin nan kana iya rage gefe kaɗan-kaɗan don kar ka zama kamar wanda ya tashi daga jinya, amma saman kam kar kowa ya taɓa.

Ranar askin ka tafi da hoto a waya, kuma don Allah ka nemi hoton wanda gashinsa irin naka ne, kar ka kai hoton mai gashi sulɓi alhali naka mai tauri ne kace sai an maka irinsa. Sannan ka koyi magana da lamba. Kum ɗin da ake maƙalawa a bakin kilifa lamba 1 yana barin wajen milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 kusan 10, lamba 4 kuma 13. Ni shawarata in karon farko ne ka fara da lamba 2, ka duba madubi, in kaga kana son ya ƙara sauka sai a koma 1. Abinda aka yanke ba'a mayar dashi.

Layin nan dai shine askin gaba ɗaya, anan nake so ka natsu. Sa tafin hannunka a gefen kanka saman kunne ka tura shi sama a hankali, zaka ji inda kan ya daina miƙewa ya fara lanƙwasa zuwa tsakiya, to daidai nan ko ƙasa da nan kaɗan layin ya kamata ya zauna. In aka haura sama da haka sumar sama zata tsuke ta koma kamar zanko, in aka sauka ƙasa da yawa kuma kan ya buɗe ta gefe yayi faɗi. Na taɓa zama wajen wani mai aski ina ta latsa waya ban ɗago ba, sai da naji sanyin kilifa kusa da tsakiyar kaina, ashe ya ɗaga layin dama ya fi na hagu da kusan yatsa biyu, dole aka ɗaga na hagun ma don su daidaita, wallahi sai da nayi wata biyu kafin wajen ya cike. Tun daga ranar kafin a kunna kilifa nake cewa a tsaga min layin da kum a nuna min gefe biyun a madubi, a kuma riƙe min ƙaramin madubi in ga baya, don a baya ne aka fi yin ɓarna, musamman wajen da gashi ke juyawa a bayan tsakiyar kai, in aka yanke dogon gashin dake rufe wurin sai ya riƙa miƙewa tsaye kullum.

In goshinka ya fara shigewa ta gefe-gefe ka faɗa masa kar ya tura gyaran fuska ciki, ya bi inda gashin ya tsaya kawai.

Maganar tsafta kuma ba wasa, ka tabbata an goge kilifa da burushi an fesa mata sipirit a gabanka, reza kuma sabuwa a ɓare ta kana gani, don makero da ƙuraje ta nan ake kwasarsu, reza da aka yi wa wani amfani da ita har ciwon hanta tana iya ɗauka. In da hali ka sayi kilifarka ka riƙa zuwa da ita. Kuma in kana cikin masu fama da ƙurajen ƙeya kar ka bari a kankare maka wurin da reza ko a danna kilifa ba kum, gashi mai murɗewa in aka yanke shi ƙasa sosai komawa yake cikin fata. In ƙurajen sun fara tauri suna haɗewa ka je wajen likitan fata da wuri, kar ka tsaya shafe-shafe.

To an gama aski yayi kyau, saura riƙo. Gefen da aka bari milimita 3 cikin sati biyu ya ninka har ya wuce, shi yasa andakot ke saurin tsufa. Duk sati biyu, in yayi nisa uku, ka koma a sake kwashe gefe da ƙeya a bi tsohon layin, kar a ƙirƙiro sabo, don in kowane zuwa ana cin milimita biyu-uku cikin dogon gashin wata rana zaka ga layin ya hau sama baka san yaushe ba. Saman kuwa sai bayan sati shida zuwa takwas a ɗan rage bakinsa da almakashi.

Wanki da shamfu sau ɗaya ko biyu a sati ya isa mai gashi mai tauri, in ka cika wanke shi bushewa zai yi ya riƙa karyewa, ka bi shi da kondishina sannan ka shafa mai kaɗan tun da sauran danshi, ka taje da kum mai manyan haƙora ko ka murza da soson gashi in kana son ya nannaɗe. Mai gashi mai santsi shi fomad ko jel yake buƙata, ya lakato da kan yatsa ɗaya ya murza a tafin hannu sannan ya shafa daga baya zuwa gaba ya kwantar dashi inda yake so. Kar ka manta da gefen da aka kwashe, fatar a buɗe take, in akwai amosani nan zai fara nunawa, sai ka nemi shamfu mai ketoconazole.

In kana so ka riƙa gyara gefen da kanka a gida zai yiwu, ka tattara dogon gashin ka kame shi sama, ka sa kum ɗin da aka saba maka dashi, ka tura kilifa daga ƙasa zuwa sama ka tsaya kafin ka kai layin da kamar rabin yatsa. Bayan kai ka samu wani ya maka, madubi juya hannu yake yi, layin kansa kuma ka bar wa mai aski.